Yadda Ake Sa Waƙafi Bayan Suna: Digiri, Lambar Girma da Sarauta

Bara waccan, a wani taron ƙaddamar da littafi, an jera kujerun manyan baƙi huɗu a sahun gaba, mutum uku suka zauna. Kujera ɗaya ta yini babu kowa har aka shafa addu'ar rufe taro. Mai gabatarwa ya yi ta waiwayen ƙofa yana jiran isowar Sarkin Dawaki, alhali Sarkin Dawakin na zaune a gabansa tun ƙarfe goma, da rawaninsa da 'yar sandarsa. Ni aka ba takardar tsarin taron in duba kafin a kai maɗaba'a, kuma layin ya wuce ta gaban idona ban kama shi ba. Abin da aka rubuta shi ne: Alhaji Wane, Sarkin Dawaki, Farfesa Wance, Malam Wane. Wanda ya san mutanen zai ƙirga uku. Yaron da ya jera kujeru bai san su ba, sai ya ƙirga huɗu, kuma ba shi da laifi ko kaɗan, abin da takarda ta faɗa masa ke nan.

Tun daga ranar nake bin kowane suna a hankali idan an kawo mini katin gayyata ko wasiƙa ko rahoto. Suna linzami ne, kuma a wurinmu suna ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Gabansa akwai Alhaji ko Dakta, bayansa akwai haruffan digiri, da na lambar girma, da sarautar gargajiya, wani lokacin har da addu'a. Mai magana da baki yana raba su da numfashi da sautin murya. Mai rubutun boko kuwa waƙafi ne kaɗai numfashinsa. Ga matakan da nake bi.

Mataki na 1: Ware abin da ke gaban suna da abin da ke bayansa

Duk laƙabin da ya zo kafin suna ya manne masa, ba a raba su da waƙafi. Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Dakta, Farfesa, Injiniya, Barista, Sanata, Janar, Mai Shari'a, duk hukuncinsu ɗaya. Ana rubuta Malam Aminu Kano, ana rubuta Farfesa Attahiru Jega. Ko laƙabin ya kai biyu ko uku, kamar Alhaji Dakta Wane, haka za su jeru babu waƙafi a tsakaninsu. Aikin waƙafi yana somawa ne daga inda suna ya ƙare.

Mataki na 2: Ka buɗe, ka kuma rufe

Wannan ne ginshiƙin al'amarin, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Haruffan da ke bin suna baƙi ne a cikin jimla: an dakatar da zance an shigo da su, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya. Don haka waƙafi biyu suke buƙata, ɗaya a gabansu, ɗaya a bayansu. Duba wannan, inda OFR take lambar girma ta ƙasa:

Farfesa Attahiru Jega, OFR, ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015.

Waƙafin farko kusan kowa yana sa shi. Na biyun ne ake mantawa, sai a rubuta "Farfesa Attahiru Jega, OFR ya shugabanci hukumar zaɓe". Karanta shi da ƙarfi ka ji. Waƙafi guda ɗaya ya tsinke jimlar gida biyu, ya bar sunan mutumin a gefe, ya mai da OFR shi ne mai aikata aikin. Kamar mutum ne ya buɗe ƙofar zaure ya shiga gida ya bar ta a wangale.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Ina ɗora yatsa a kan abin da ke tsakanin waƙafan nan biyu in rufe shi, in karanta sauran. Idan jimla ta tsaya da ƙafarta, to waƙafan suna mazauninsu. "Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa" cikakkiyar magana ce, babu abin da ya gurgunce.

Waƙafin rufewa yana faɗuwa ne kawai idan wata alamar ta riga ta tsaya a wurin. Idan haruffan ne ƙarshen jimla, aya ta wadatar: An miƙa rahoton ga Hajiya Amina Mohammed, GCON. Haka idan alamar tambaya ce ko ruwa biyu suka biyo baya. Ba a tara waƙafi da aya wuri ɗaya a ƙarshen zance.

Sai maganar tazara, wadda masu rubutu da waya suka fi ɓatawa. Waƙafi yana manne wa kalmar da ta gabace shi, sannan a bar gurbi ɗaya kafin kalma ta gaba. Ba a barin gurbi kafinsa, ba a kuma haɗe shi da abin da ke binsa.

Mataki na 3: Idan haruffan sun yi yawa, jera su bisa tsari

Tsakanin kowane rukunin haruffa da na kusa da shi akwai waƙafi, bayan na ƙarshe kuma a rufe:

Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, CFR, mni, ya hau gadon sarauta a 2006.

Wane ne zai fara zuwa? Tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila yana sa lambar girma ta ƙasa a gaba, sai digirin jami'a, sai zama ɗan ƙungiyar ƙwararru. Lambobin girman Najeriya, waɗanda dokar 1964 ta kafa, gida biyu ne, na Jamhuriyar Tarayya da na Neja, kowane da hawa huɗu. Daga sama zuwa ƙasa ana jera su haka: GCFR, GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR, MON. Masu ƙarewa da FR na Jamhuriyar Tarayya ne, masu ƙarewa da ON kuma na Neja. Wanda aka ba MFR, daga baya aka ɗaga shi zuwa OFR, ba ya rubuta duka biyun, domin gida ɗaya ne, babbar ta haɗiye ƙaramar. Amma wanda ya samu daga gidajen biyu yana iya jera su, babbar a gaba, kamar yadda ake rubuta Abdul Samad Rabiu, CFR, CON.

SAN kan ɗan saɓa wa wannan jeri. Matsayi ne na manyan lauyoyi da aka soma bayarwa a 1975, kuma lauyoyi suna ji da shi ƙwarai, har wasu kan sa shi gaba da komai. An sha ganin Farfesa Yemi Osinbajo, SAN, GCON, a takardun hukuma lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa. Idan ka tarar mai suna yana da yadda yake jera nasa, bi nasa.

Digirin jami'a kuwa ana hawa da su ne daga ƙasa zuwa sama, yadda aka same su: BA, MA, PhD. Idan an ambaci inda aka yi karatun cikin baka biyu, waƙafin yana zuwa bayan an rufe bakan: BA (Kano), MA (Zariya), PhD (Landan). Wannan doguwar jela ta dace da littafin yaye ɗalibai ko jerin malaman tsangaya. A cikin labari ko wasiƙa, mafi girman digirin kaɗai ya isa. A ganina, kati mai ɗauke da rukunin haruffa takwas bayan suna ɗaya ba ya ƙara wa mai sunan ƙima, sai dai ya gajiyar da idon mai karatu har ya tsallake su duka, da mai muhimmancin a ciki.

A kula da manya da ƙananan baƙaƙe, domin kwamfuta na son gyara su ba a sa ta ba. Ana rubuta mni da ƙananan baƙaƙe duka. Alama ce ta wanda ya kammala babban kwas a cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979. Haka psc na hafsoshin da suka wuce kwalejin horar da manyan hafsoshi irin ta Jaji, da fdc na kwalejin tsaro ta ƙasa da ke Abuja. A PhD kuma harafin tsakiya ƙarami ne. Ba PHD ba, ba Phd ba.

Mataki na 4: Yanke shawara kan aya a cikin haruffan

Akwai masu rubuta Ph.D. da B.Sc. da ɗigo, akwai masu rubuta PhD da BSc babu ɗigo. Dukansu sun halatta. Tsohon salo ne mai ɗigon, kuma har yanzu jaridu da yawa a Amurka na bin sa. Jami'o'i da maɗaba'u na Ingila galibi sun yar da shi. Ni na fi son marar ɗigo saboda tsabtar shafi, musamman a Hausa inda ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ suka riga suka ba ido aiki.

Idan ka zaɓi mai ɗigo, ɗigon ƙarshe ba ya korar waƙafi, tare suke zama: Wance Wane, Ph.D., ta gabatar da maƙala. Idan kuma ya faɗo a ƙarshen jimla, ɗigo ɗaya ya yi aikin biyu, ba a ƙara wani. Abin da ba ya kyau shi ne gauraye, a ga Ph.D. a shafi na 2, a ga PhD a shafi na 5.

Mataki na 5: Kada a faɗi abu ɗaya sau biyu

Dakta Wane, PhD, maimaici ne. Dakta ɗin da ke gaba da PhD ɗin da ke baya abu ɗaya suke nufi, sai a zaɓi ɗaya. A zancen yau da kullum da labarin jarida, Dakta Wane ya fi daɗin faɗa. A bangon littafi ko ƙarƙashin sa hannu, Wane Wane, PhD, ya fi bayani, domin yana nuna irin dakta ɗin.

Likita ma haka: ko Dakta Wance, ko Wance Wane, MBBS. Amma idan haruffan baya suna kawo sabon labari, ba maimaici ba ne. Dakta Wance, FWACS, yana gaya wa mai karatu cewa likitar ta ƙware a fiɗa har kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma ta shaide ta, abin da kalmar Dakta ita kaɗai ba ta faɗa ba. Haka Injiniya Wane, FNSE (babban ɗan ƙungiyar injiniyoyin Najeriya), ko Farfesa Wane, SAN.

Digirin girmamawa yana buƙatar gaskiya daga mai rubutu. Wanda jami'a ta karrama da shi an girmama shi, ba mu raina wannan ba. Sai dai wata ta shafe shekara huɗu ko biyar tana bincike, ta kwana a ɗakin karatu, ta tsaya gaban malamai ta kare kundinta, kafin a kira ta Dakta. Adalci shi ne takarda ta bambance su. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a bar gaban sunan yadda yake, a rubuta digirin a baya, a bayyana irinsa: Alhaji Wane, LLD na girmamawa, ya halarci taron. PhD kuwa ba a rubuta wa wanda bai yi binciken ba, ko da wane ne.

Mataki na 6: Sarautar gargajiya

Nan ne jagororin rubutun Turawa ba su da abin da za su gaya mana, dole mu duba harshenmu da kanmu. Sarautar da ta biyo bayan cikakken suna ƙarin bayani ce a kan mutumin, don haka hukuncinta ɗaya da na haruffan digiri, a buɗe a rufe:

Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya rasu a 2017.

Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya riƙe Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966.

Idan mutum yana da haruffa yana kuma da sarauta, haruffan ne ke manne wa suna, sarauta ta biyo baya: Alhaji Shehu Shagari, GCFR, Turakin Sakkwato, ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983. Dalili kuwa, lambar girman ta mutumin ce, ba ta rawanin ba. Rawani yana komawa kan wani bayan ransa, lambar ba ta bin sa. Wanda ya rubuta "Turakin Sakkwato, GCFR" ya rataya wa kujera abin da aka ba mai ita.

To amma akwai tarko. Sarautu da yawa sun rikiɗe sun zama sunayen gida: Ciroma, Galadima, Waziri, Makama, Madaki, Magaji. Malam Adamu Ciroma, wanda ya riƙe gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 1975 zuwa 1977, Ciroma sunansa ne, ba a sa waƙafi a gabansa. Ka sa shi, ka naɗa wa mutum rawanin da sarki bai naɗa masa ba. Alamar da ke taimako ita ce ɗafa-ƙeyar nan ta -n ko -r da sunan gari. Ciroma shi kaɗai yakan zama suna. Ciroman Kano kuwa sarauta ce. Haka sunan garin da ya zama sunan mutum. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Balewa, duk babu waƙafi, ko da yake Kano da Shagari da Tafawa Balewa garuruwa ne. Da zarar ka rubuta "Aminu, Kano", ka mai da sunan adireshi.

Sai kuma idan muƙamin ne ya zo gaba, sunan ya biyo baya. Nan tambaya ɗaya ake yi: muƙamin shi kaɗai ya isa a gane mutumin? Idan ya isa, sunan ƙari ne, sai a kewaye shi da waƙafi biyu. Firimiyan Jihar Arewa mutum ɗaya ne tak a tarihi, don haka: Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, ya ziyarci Zariya. Idan bai isa ba, sunan ne ke warware wanda ake nufi, ba a raba su. Tsofaffin gwamnonin Kano suna da yawa, saboda haka: Tsohon gwamnan Kano Muhammadu Abubakar Rimi ya yi jawabi. Amma da zarar ka ce gwamnan farar hula na farko a Kano, ka tsuke maganar zuwa mutum ɗaya, waƙafi ya dawo: Gwamnan farar hula na farko a Kano, Muhammadu Abubakar Rimi, ya hau mulki a 1979. Gwajin yatsan nan yana aiki a nan ma. Rufe sunan ka karanta. Idan har yanzu an san wa ake nufi, waƙafai sun halatta.

Tsakanin kalmar girmamawa da muƙami ba na sa komai: Mai Martaba Sarkin Zazzau, Mai Girma Gwamna, Mai Alfarma Sarkin Musulmi. A baki numfashi ɗaya ake faɗar su, a takarda ma haka ya kamata.

Mataki na 7: Idan mutanen sun fi ɗaya

Mu koma ga kujerar nan da ta yini babu kowa. Abin da ya faru shi ne an ɗora wa waƙafi kaya biyu a layi ɗaya, yana raba mutum da sarautarsa, yana kuma raba mutum da mutum. Mai karatu ba shi da hanyar sanin wanne ne wanne.

Magani na farko yana cikin Hausar kanta. Bahaushe ba ya jera abubuwa da waƙafi a asali, da "da" yake jera su: gero da dawa da masara. Mu muka aro jeren waƙafi daga Ingilishi muka saki namu. Ka maido da "da" gaban kowane mutum, ruɗanin ya kau:

An gayyaci Alhaji Wane, Sarkin Dawaki, da Farfesa Wance, OON, da Malam Wane.

Yanzu kowane "da" yana shelar sabon mutum, waƙafi kuma ya koma aikinsa guda. Ko yaron da bai taɓa jin sunayen ba zai ƙirga uku.

Magani na biyu shi ne waƙafi mai ruwa, wato ɗigo a sama waƙafi a ƙasa. Ya fi waƙafi nauyi, bai kai aya ba, don haka yana iya zama katanga tsakanin mutum da mutum idan jerin ya yi tsawo: Alhaji Wane, CON, Sarkin Dawaki; Farfesa Wance, OON; Janar Wane, psc, mni; Malam Wane. Na fi amfani da shi a rahoton taro ko bayanin da ke ƙarƙashin hoto, inda mutum goma za su jeru daga hagu zuwa dama.

Na uku, wanda ya fi dacewa da katin gayyata da takardar tsarin taro, shi ne kowane mutum da layinsa. Sunan da haruffansa a layi ɗaya, sarauta ko muƙami a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Idan aka yi haka, ƙarshen layi ya ɗauke wa waƙafin rufewa aiki, ba a sa shi, ba a kuma sa aya. Da haka muka yi a wancan taron, da an huta.

Mataki na 8: Wuraren da Hausa ke da nata hali

Kalmomin "ne" da "ce" suna son manne wa suna, haruffan digiri kuma sukan shiga tsakani su raba su. "Babban baƙo Wane Wane, SAN, ne" daidai yake a ƙa'ida, amma yana da nauyi a baki, "ne" ɗin ya zama maraya a ƙarshen layi. Juya jimlar ya fi: Babban baƙo shi ne Wane Wane, SAN. Ko kuma: Wane Wane, SAN, shi ne babban baƙo. Haka idan "na" ko "ta" na mallaka ya biyo baya. Maimakon "ofishin Wance Wane, PhD, na Kaduna", sai a ce ofishin da Wance Wane, PhD, take da shi a Kaduna, don kada a ɗauka digirin ne na Kaduna.

Addu'ar da ke bin suna ita ma baƙuwa ce a jimla, a buɗe mata a rufe: Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1983. Idan akwai haruffa ko sarauta, addu'a ce ke zuwa ƙarshe, bayan an gama ambaton mutumin. Salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma haka yake zama tsakanin waƙafi biyu idan an rubuta shi cikakke. Masu taƙaita shi cikin baka biyu ba sa buƙatar waƙafi, bakan ya wadatar.

Wannan ƙa'idar ta baka biyu ta shafi "mai ritaya". Bakan yana bin suna kai tsaye babu waƙafi a gabansa, sai bayan an rufe shi a sa: Janar Abdulsalami Abubakar (mai ritaya), GCFR, ya miƙa mulki ga farar hula a 1999.

Lambar da ke bambance sarki da mai sunansa na baya ɓangaren suna ce, ba ta karɓar waƙafi. Ana rubuta Sarkin Musulmi Abubakar III, wanda ya yi shekara 50 a kan gado daga 1938 zuwa 1988, ko a rubuta Abubakar na Uku. Sunayen Amurkawa masu Jr. a ƙarshe kuwa, a da ana sa musu waƙafi, yanzu galibin maɗaba'unsu sun daina, sai a ga Martin Luther King Jr. a haɗe. Idan irin sunan ya faɗo cikin fassarar labari, barin waƙafin ya fi sauƙi. Idan kuma ka sa na gaba, na baya ya zama dole.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubutu bisa al'adar Faransanci ba su cika jera haruffa bayan suna ba. Laƙabinsu gaba yake zuwa a taƙaice, Dr na dakta, Pr na farfesa, Me na lauya, kuma ba sa sa musu ɗigo. Idan kana rubuta sunan baƙo daga Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, bar shi yadda ya rubuto, kada ka ƙago masa jelar da ba shi da ita.

Mataki na 9: Ambulan, sa hannu, da dubawar ƙarshe

A bayan ambulan da kan wasiƙar hukuma, layin farko suna ne da haruffansa, waƙafi tsakaninsu, layi na biyu muƙami, sannan adireshi. A gaisuwar buɗe wasiƙa ba a maimaita haruffan. Ranka ya daɗe, ko Ya Mai Girma, ko Zuwa ga Farfesa Wane, ya isa. Haka a cikin labari: a ambaton farko ake kawo cikakken suna da duk abin da ke binsa, daga nan sai Farfesa Jega ko Ɗan Masani kawai har ƙarshe.

A ƙarƙashin sa hannunka kuwa, haruffan baya sun fi laƙabin gaba dacewa. Mutum ba ya kiran kansa Mai Girma, kuma Wane Wane, PhD, ya fi nuna kunya da kamun kai a kan mutum ya rattaba wa kansa Alhaji Dakta.

Kafin takarda ta tafi maɗaba'a, abu uku nake yi. Ina bin kowane suna da yatsa in tabbatar duk waƙafin da ya buɗe ya sami mai rufe shi. Ina duba ƙarshen layuka a samfurin da mai buga kati ya turo, domin sau da yawa idan ya matse rubutu don ya shiga shafi, sai suna ya tsaya a layi ɗaya, OFR ya gangaro shi kaɗai layi na gaba. In na ga haka sai in ce ya rage girman baƙaƙen ko ya sake karya layin. Na ƙarshe, ina kiran ofishin mai sunan ko wani na kusa da shi in karanta masa layin harafi bayan harafi, domin matambayi ba ya ɓata, kuma OON da OFR da CON suna kama da juna a idon mai gaggawa. Wanda aka ɗaga darajarsa bara, katin bana ya fito da tsohuwar lambarsa, ba zai yi magana a wurin taro ba, amma ya gani.

Idan jerin manyan baƙi ne, akwai ƙarin abu ɗaya da na koya daga wancan taron. Ina miƙa takardar ga wanda bai san ko mutum ɗaya a cikinsu ba, ɗalibi ko yaron shago, in ce ya ƙirga mini mutum nawa ne. Idan lissafinsa ya zo daidai da yawan kujerun da za a jera, sai in sa hannu a buga.